Idan mai sana'ar hannu ya kwanta ciwo, wa ke ɗaukar nauyin gidansa?

Garba Kafinta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gudummawar da muka haɗa wa ɗan'uwanmu mai fenti ta kai naira 86,500, na miƙa wa iyalinsa jiya bayan La'asar. Sun yi godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga wanda bai ji ba, daga tsani ya faɗo a wani bene da ake ginawa a Hotoro, ƙafar dama ta karye wuri biyu, likita ya ce sai an saka ƙarfe. Abin da muka haɗa bai kai kuɗin ƙarfen ba balle cefanen gida, ga yara biyar, kuma ko an sallame shi ba zai sake hawa tsani ba sai an yi watanni. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ba yau muka fara zagayawa da ƙoƙo ba, kuma kullum mu ɗin dai ne, masu hannu baka hannu ƙwarya. Don Allah masu ilimi a cikinmu su faɗa mana gaskiya: mu da ba mu da albashi, kafinta, tela, mai walda, ɗan adaidaita, mai tuya a gida, akwai wani abu da doka ta tanadar mana idan ciwo ko tsufa ya zo? Ba rabon shinkafa nake nufi ba. Abin da mutum zai je ya ce nawa ne, a ba ni.

Sani Adaidaita:
Wa alaikumus salam. Malam Garba babu, ka huta. Ni kullum kafin in ga kwabo nawa sai na cire balas ɗin mai mashin, na cire kuɗin mai, na yanki rasit. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, mai mashin zai aiko yaro ya karɓi makulli ya ba wani. An san lambar da ke jikin adaidaitata, an san inda za a tare ni in takarda ta ƙare. Ai kun tuna yajin aikinmu na Janairun 2022 a kan kuɗin sabunta rijista, har garin nan ya koma tafiyar ƙasa. Amma ranar ciwo ba wanda ya san ni.

Alhaji Tasi'u:
Allah ya ba shi lafiya. Ni dai shawarata kullum ɗaya ce, kada ɗan kasuwa ko mai sana'a ya rataya zuciyarsa ga gwamnati. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta cinye dukiyar mutane, ruwan 2022 ya shigo mana Kantin Kwari ya jiƙa shadda da atamfa dila-dila. Waɗanda na ga sun miƙe, iyayen gidansu ne suka sake ba su kaya bashi, ko kuma suna da ɗan abin da suka ajiye. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A riƙe adashe, a rage bikin da ba dole ba.

Maman Khalifa:
Alhaji da girmanka, wanda ko guntun gatarin ba shi da shi fa? Tun da maigidana ya rasu awara nake soyawa da safe, da yamma in yi ɗanwake. In na sayi waken suya da mai da gawayi, abin da ke saura shi ne kuɗin makarantar allo da sabulu da ɗari biyar ɗin adashe. In na kwashi adashen nan kuɗin haya ne, ba ya kwana a hannuna. Wane biki zan rage?

Kuma ba zama muka yi ba. Da aka ce ana rubuta sunayen marasa ƙarfi mun je, a firamaren unguwa aka tara mu ƙarƙashin darbejiya, mata da goyo, tsofaffi a kan tabarma. Wani yaro da waya a hannu yana tambaya, ɗaki nawa ne a gidan, da me kuke girki, kuna da rediyo, masai irin wane ne. Tambayar da ko maƙwabci ba ka so ya ji amsarta muka amsa a gaban jama'a, aka ɗauki hoto, aka ce mu jira saƙo. Har yau shiru. Maƙwabciyata da muka zauna tabarma ɗaya ta ga alat sau ɗaya, daga nan ba ta ƙara gani ba. Ni ba rashin samun ne ya fi ƙona mini rai ba, rashin wanda zan tambaya ne. Ban san ko sunana na ciki ba, ban san ko an cire ba, ban san laifin da na yi ba.

Abba Mai POS:
Anti sannu, Allah ya dafa miki. Wancan kuɗin da maƙwabciyarki ta gani, in 25,000 ne, shi ne wanda Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a Oktoban 2023 bayan cire tallafin mai. Cewa aka yi gidaje miliyan 15 za a ba 25,000 sau uku, jimla 75,000. Daga kundin rijistar marasa ƙarfi na ƙasa ake ɗauko sunaye, kuma daga baya aka ce sai wanda aka haɗa sunansa da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. A rumfata na ga inda mata da yawa ke faɗuwa. Mace a katin ɗan ƙasa Hauwa'u ce, a banki Kulu, ko shekarar haihuwa ta bambanta, ko layin wayar da ta bayar na ɗanta ne ya ɓata. Kwamfuta ba ta san Kulu ita ce Hauwa ba. Ki duba naki ki ga ko sun yi daidai.

Sannan don Allah a daina turo mana waɗannan saƙonnin na "danna nan ka cike fom ɗin tallafi". Ba a shiga wannan kundin ta hanyar danna wani abu a WhatsApp. Duk wanda ya nemi lambar katin cirar kuɗinka ko lambobin da banki ya turo maka ta waya, ɓarawo ne. Na ga dattijon da aka kwashe wa kuɗin tumakinsa ta haka, a gabana ya zauna a benci ya kasa tashi.

Barista Nura:
Malam Garba ka yi tambaya mai kyau, kuma amsarta ba ta da daɗi. Kundin tsarin mulkin 1999, a babi na biyu, sashe na 16, ya ce gwamnati ta fuskantar da manufofinta wajen samar wa kowane ɗan ƙasa muhalli da abinci, da kula da tsofaffi da fansho, da tallafin rashin aiki da na rashin lafiya, da walwalar masu buƙata ta musamman. Kowane ɗan ƙasa aka ce, ba ma'aikaci kaɗai ba. Sai dai sashe na 6 na kundin ya ɗaure hannun kotu, ya ce ba ta da hurumin tuhumar gwamnati a kan ko ta cika abin da ke babi na biyu ko ba ta cika ba. Wato an rubuta maka alkawari, an hana ka alƙalin da zai karɓar maka.

Shi ya sa duk abin da kuka gani ya zo ya wuce. Naira 5,000 a wata na zamanin Buhari, wanda har aka zuba masa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. TraderMoni na 10,000 a 2018, shi ma rance ne ba kyauta ba. Naira 30,000 da aka ba wasu masu sana'ar hannu da direbobi lokacin korona. Naira 50,000 na ƙananan 'yan kasuwa a 2024. Ba na cewa ba su amfani kowa ba, sun amfani wasu. Amma kowanne da adadin mutanen da aka yanka masa, in an cika an rufe. A Janairun 2024 da aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu, sai da aka tsayar da shirye-shiryen gaba ɗaya don bincike, talakan da ke jiran kashi na biyu bai da inda zai kai ƙara. Kwatanta da ma'aikacin gwamnati: in aka riƙe masa albashi akwai kotun ma'aikata, akwai ƙungiya, akwai yajin aiki. Alhali ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya irinku ne, ba masu takardar ɗaukar aiki ba.

Sani Adaidaita:
Ka ji ko. Fetur daga ƙasa da 200 ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ma'aikatan Kano an mayar musu mafi ƙarancin albashi 71,000, ban yi musu baƙin ciki ba, su ma bai ishe su ba. Ni aka ce in ƙara kuɗin mota. Na ƙara, fasinja ya koma tafiya a ƙasa daga Kabuga zuwa Bata.

Maman Khalifa:
Ko na jihar ma haka ne. An raba wa mata 5,200 jari na 50,000, kowace ƙaramar hukumar cikin birni mata 200. Allah ya saka, wadda ta samu ta ji daɗi. Amma mata 200 a Dala ko Ungogo, ai a layi biyu ma sai ka tara zawarawan da suka kai haka.

Barista Nura:
Bari in dawo kan mai fentin, domin nasa yana iya bambanta. Malam Garba, jinga ya karɓa daga mai gidan, ko ɗan kwangila ne ya ɗauke shi yana biyansa kuɗin yini?

Garba Kafinta:
Kuɗin yini ne Barista. Ɗan kwangilar ne ke kawo fenti da tsani, shi burushi kawai yake zuwa da shi.

Barista Nura:
To a nan akwai magana. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na abin da yake biyan ma'aikatansa, ba a cire ko sisi daga ma'aikaci. Kuma dokar ba ta ce sai mai takarda ba. Ta ambaci wanda aka ɗauka da baki, da na wucin gadi, da lebura na yini, har da yaron da ke koyon sana'a. In ya ji rauni a bakin aiki akwai kuɗin magani da diyyar abin da ya rasa. Ana so a sanar da mai aikin cikin kwana 14, a shigar da buƙata kafin shekara ta cika. Wahalar ita ce yawancin ƙananan 'yan kwangilarmu ba su yi rijista ba, amma rashin rijistarsu ba ya wanke su daga alhakin wanda ya karye a aikinsu. Ku adana rasit ɗin asibiti duka, da hoton ƙashi, da sunayen waɗanda ke wurin. Wanda ya karɓi jinga da kansa, ko mai shagon kansa kamar kai, shi wannan dokar ba ta kama masa kowa ba, domin shi ne ubangidan kansa.

Garba Kafinta:
Barista na gode, ban taɓa jin wannan ba. Sai dai ɗan kwangilar nan sahu ɗaya muke sallah da shi. Ya zo asibiti, ya ajiye 20,000, ya yi addu'a. In aka ce hukuma, gobe ba mai sake kiran ɗan'uwanmu aiki a unguwar, za a ce mai kai ƙara ne. Matarsa ma cewa ta yi ƙaddara ce.

Barista Nura:
Faɗuwar ƙaddara ce, biyan magani kuma haƙƙi ne, ba su ture juna ba. Ban ce a fara da kotu ba. A samu mai unguwa da liman a zauna da shi, a nuna masa abin da doka ta ɗora masa. Da yawa in suka gane cewa ba alfarma ake roƙo ba, lissafinsu yana canzawa. In kuna so zan zo zaman, ba sai an biya ni ba.

Anti Zainab Nas:
Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki ta ɓangarena. A ganina abin da ya fi kusa da abin da Malam Garba ke nema yana wajen lafiya, kuma shi ne mutanenmu suka fi sakaci da shi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Da wannan kuɗin ake yi wa marasa ƙarfi rijista kyauta, musamman masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi da masu buƙata ta musamman, a asibitin sha-ka-tafi da aka zaɓa a mazaɓa. A Kano hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, ita ke yin rijistar. Gaskiya gurbin ba ya isar kowa, wannan ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya shiga yana da kati, yana da asibitin da aka rubuta masa, in aka ce ya sayi maganin da ke cikin tsarin yana da bakin magana.

Bayan wannan akwai tsarin masu zaman kansu, wanda kai za ka biya na shekara. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ma cewa ta yi wajibi ne a kan kowa, ba ma'aikata kaɗai ba. Abin da nake gani kullum a wurin aiki shi ne uwa ta riƙe yaro a gida kwana da kwanaki tana ba shi maganin kemis saboda tsoron kuɗin kati da gwaji, sai jini ya ƙare a kawo shi yana numfashi sama-sama, idon nan fari fat, a ce sai ƙarin jini. Abin da dubu biyu za ta kashe ya koma dubu hamsin, wani lokacin ma a rasa yaron. Mai kati ba ya jira haka. Maman Khalifa, ke da yaranki kun dace da na kyautar, ki je asibitin mazaɓarku da NIN ki tambayi mai kula da shirin. Kuma a sani, tun Nuwamban 2024 ministan lafiya Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka sa cikin shirin. A riƙa tambaya kafin a sayar da keken ɗinki.

Alhaji Tasi'u:
Hajiya Zainab wannan magana ce, domin mutum ne ke zuba nasa. Amma inshora ba ta da matsala a addini? Allah gafarta Malam yana nan?

Malam Auwalu:
Ina nan Alhaji. Abin da malamai da yawa suka ƙi shi ne inshorar kasuwanci, saboda garari, wato rashin tabbas a cinikin, da kuɗin ruwa. Amma mutane su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar duk wanda ciwo ya sama a yi masa magani, wannan taimakon juna ne, kuma malamai sun halatta shi. Sai dai tun da ka kira ni, bari in faɗi wadda ta shafe ku 'yan kasuwa. Barista ya ce talaka ba shi da abin da zai ce nasa ne. A shari'a yana da shi. Zakka ba kyautar mai kuɗi ba ce, ɗaya bisa arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara ba nasa ba ne, aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa masu shi su takwas, faƙiri da miskini ne a gaba, mai bashi ma yana ciki. Jihar nan tana da hukumar zakka da hubusi tun 2003. Da zakkar Kwari da Singa da Dawanau tana fita yadda Allah ya ce, ta tafi inda ya ce, da Malam Garba bai zagaya da ƙoƙo ba.

Alhaji Tasi'u:
Malam muna fitarwa, Allah shaida. Amma mutum yana da dangi a ƙauye, yana da yaran shago. Kuma ba kowa ke sakin jiki ya miƙa wa hukuma ba, ka san dalili.

Maman Khalifa:
Ana fitarwa Alhaji, amma ta yaya? A tara mata a ƙofar gida cikin azumi, rana ta dake su, mai gadi da bulala, a miƙo dubu ɗaya a ambulan. Kuɗin motar zuwa ma ya cinye ta.

Malam Auwalu:
Wannan ba ita ce manufar ba, Maman Khalifa ta yi gaskiya. Malamai sun so a ba mutum abin da zai fitar da shi daga buƙata, mai sana'a a ba shi abin da zai tayar da sana'arsa. Gara ka ba mutum goma abin kirki da ka watsa wa dubu. Kuma ba sai ta hannun hukuma ba Alhaji. Ga mai karaya a kwance da bashin asibiti, ya shiga ta ƙofa biyu.

Baba Ɗanjuma:
Salamu alaikum, jikana ke rubuta mini. Duk kuna maganar ciwo, ba wanda ya yi maganar tsufa. Na yi aikin masaƙa a Bompai har aka rufe, na koma faci a bakin titi, yanzu hannu ba ya iya ɗaga taya. Wanda ya tsufa a sana'ar hannu fanshonsa 'ya'yansa ne, in su ma suna nema to sai gadi ko bara. Ku yara ku yi wa kanku tanadi tun da sauran ƙarfi.

Abba Mai POS:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Akwai ƙaramin fansho na masu zaman kansu da hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe a Maris ɗin 2019. Kana zuba abin da ka samu, kullum ko mako ko wata. A yadda aka fara shi, kashi 40 kana iya cira in buƙata ta taso, kashi 60 sai ka manyanta. Ya fi a ba mai adashe ya gudu da shi.

Sani Adaidaita:
Abba kuɗina ne fa za a ajiye mini a ba ni. Ma'aikaci in ya zuba kashi 8 ubangidansa na ɗora masa 10. Ni wa zai ɗora mini? Ga tsadar kaya ta haura kashi 34 a 2024, dubun da na ajiye bana baɗi ba ta sayen abin da take saye. Gara in sayi tunkiya. Abin da nake tsoro a zancen nan shi ne mu ƙare a kan mu biya wannan mu biya wancan, mu sauke wa gwamnati nauyi. Ana cewa ba ma biyan haraji, alhali katin wayar da na saka yanzu an cire kashi bakwai da rabi.

Barista Nura:
Sani ina tare da kai a nan. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta yafe harajin samu ga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce 800,000 ba, amma wannan bai hana rasit ɗin titi da na kasuwa ba. Abin da ya kamata ƙungiyoyinku su nema a fili shi ne, daga kuɗin da ake karɓa a hannunku kullum a yanki wani kaso a biya muku taimakekeniyar lafiya kai tsaye, a sa shi a dokar jiha ba a jawabin taro ba. Kuna da yawan da in kun tsaya garin ke tsayawa. Amma kafin a kai can, yaron da zai yi zazzaɓi a daminar bana ba zai jira majalisa ba.

Sani Adaidaita:
Zan kai maganar tasharmu. Amma ni ba zan zuba kwabo ba sai na ga wanda ya je da katin aka ba shi magani, ba a rubuta masa takarda aka ce ya je waje ya saya ba.

Anti Zainab Nas:
Hakan na faruwa, ba zan musa ba, kuma in ya faru a kai koke hukumar da lambar kati, ƙungiya ta fi mutum ɗaya ƙarfi a nan. Malam Garba, ranar Talata ba ni da aikin safe. In za ka samu mutum biyu mu je ofishinsu mu karɓo farashi a rubuce, da jerin abin da tsarin ya ƙunsa da wanda bai ƙunsa ba, musamman aikin ƙashi, tun da ku masu hawa sama ne. Kada kowa ya ba kowa kuɗi sai mun dawo da takarda.

Garba Kafinta:
Allah ya kai mu. Ni da Abba za mu zo, ƙarfe tara. Barista, zan ga mai unguwa yau bayan Isha'i a kan zaman ɗan kwangilar.

Alhaji Tasi'u:
Malam Garba ka turo mini lissafin abin da ya rage na asibitin ta gefe.

Maman Khalifa:
Anti Zainab don Allah in kun je ku tambayar mana, mu matan da ke sana'a a cikin gida ba mu da ƙungiya ba mu da shago, za a karɓe mu a rukuni ɗaya in mun haɗu ta adashenmu? Mu goma sha huɗu ne. Kuma ko za a yarda a riƙa biya kaɗan-kaɗan, don na shekara a dunƙule ba za mu iya ba.

Anti Zainab Nas:
Zan tambaya duka biyun. Ki haɗa mini sunayenku yadda suke a katin ɗan ƙasa, da yawan yaran kowacce da shekarunsu, ki turo kafin daren Litinin.